Hakeem Olajuwon: tambayoyin da aka fi yi kan rayuwarsa da wasansa

Duk lokacin da hira ta faɗo kan 'yan Afirka da suka yi suna a ƙwallon kwando, sunan Hakeem Olajuwon ne ke fara fitowa. Mafi yawan matasan da ke kallon NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a yau ba su riski wasansa ba, sai ɗan guntun bidiyo a waya, shi ya sa tambayoyi iri ɗaya suke ta dawowa. Mun tattaro su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar dogon bayani.

Wane ne Hakeem Olajuwon?

Bayarabe ne, Musulmi, an haife shi a Legas ranar 21 ga Janairun 1963. Iyayensa 'yan kasuwar siminti ne. Ya yi shekara 18 yana buga NBA a Amurka, daga 1984 zuwa 2002: 17 a ƙungiyar Houston Rockets, ta ƙarshe kuma a Toronto Raptors ta Kanada. Ɗan tsakiya ne, wato dogon da ke tsayawa kusa da kwando, kuma a takardun gasar an rubuta tsawonsa ƙafa bakwai, mita 2.13. Lambar rigarsa 34. Laƙabinsa "The Dream", ma'ana mafarki.

Maki nawa ya ci, kuma yaya ake lissafin makin?

Ya ci maki 26,946 a wasanni 1,238 na kakar wasa, wato kimanin maki 21.8 a kowane wasa. Lokacin da ya yi ritaya shi ne na bakwai a jerin waɗanda suka fi cin maki a tarihin NBA, kuma har yau babu wanda ya ci wa Rockets maki kamarsa: 26,511. Mafi yawan abin da ya taɓa ci a dare ɗaya maki 52 ne, a kan Denver a watan Afrilun 1990.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ƙwallon da aka jefa a kwando daga kusa maki biyu ce, daga bayan dogon layin nan mai lanƙwasa maki uku, jifan da alƙalin wasa ya bayar saboda keta kuma maki ɗaya. A duk shekarunsa 18, sau 25 kacal Hakeem ya jefa ƙwallon maki uku ta shiga. Ke nan dubban makin nan bibbiyu da ɗaiɗai ya tara su, a wurin da ya fi ko'ina cunkoso da ture-ture da gwiwar hannu.

Wannan lissafi bai haɗa da wasannin fidda gwani na ƙarshen kaka ba, kuma a can ne ya fi zafi: maki 25.9 a kowane wasa. Yawancin 'yan wasa makinsu raguwa yake yi idan aka zo fidda gwani, domin abokan hamayya sun fi ƙarfi kuma sun yi nazarin mutum. Nasa hawa yake yi. Duba amsar da ke kan kofin 1995 don ganin misali.

Da gaske ne a Sakkwato ya fara buga gasar ƙwallon kwando?

Gaskiya ne, kuma mutane da yawa a Arewa ba su san wannan ba. Hakeem ya tashi yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Yana da shekara 15, yana ɗalibi a Muslim Teachers College ta Legas, makarantarsu ta je gasar wasannin kwalejojin horar da malamai ta ƙasa a Sakkwato. Shi a tawagar ƙwallon hannu yake. Wani ɗan makarantarsu ya roƙi koci a bar dogon yaron nan ya buga wa 'yan ƙwallon kwando, aka yarda. Daga nan bai ƙara waiwaya ba. Cikin shekara biyu ya shiga tawagar matasan Najeriya.

A Amurka yaro yakan fara riƙe ƙwallon kwando tun yana firamare. Hakeem ya fara ne a shekarun da sa'o'insa na can suka riga suka yi nisa, amma shekara shida bayan wannan tafiya ta Sakkwato shi aka fara zaɓa a NBA.

Ta yaya ya isa Amurka?

Wani koci Ba'amurke da ke aiki a Afirka ne ya gan shi yana wasa, ya ba da shawarar Jami'ar Houston ta gwada shi. Ya sauka a 1980. Babu wanda ya je tarbarsa a filin jirgi; da ya buga waya sai aka ce ya hau tasi ya ƙaraso. Kocin jami'ar, Guy Lewis, bai sa shi a gasa ba a shekarar farko, a ta biyu ma yawanci daga benci yake shigowa, domin ɗanye ne kuma yana yawan yin keta.

Abin da ya sauya shi shi ne hutun bazara. A wani zauren motsa jiki na birnin mai suna Fonde, ya riƙa karawa kullum da Moses Malone, wanda a lokacin shi ne ɗan tsakiyar Rockets kuma gwarzon NBA. Malone bai raga masa ba ko kaɗan, kuma wannan ne gatan da ya yi masa. Da aka koma makaranta, Hakeem da Clyde Drexler suka zama ginshiƙan tawagar da aka yi wa laƙabi da Phi Slama Jama saboda yawan dankara ƙwallo a kwando. Sun kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a 1983, North Carolina State ta doke su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, amma duk da haka shi aka ba gwarzon gasar. A 1984 suka sake zuwa, Georgetown ta Patrick Ewing ta ɗauke kofin. A riƙe sunan Ewing, zai dawo a amsar kofin 1994.

An ce an zaɓe shi kafin Michael Jordan. Ba kuskure Houston ta yi ba?

A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 Houston ta ɗauki Hakeem a lamba ta ɗaya, Portland ta ɗauki Sam Bowie a ta biyu, Chicago ta ɗauki Jordan a ta uku. Charles Barkley da John Stockton ma a wannan shekarar suka shigo. Portland ce ke shan zargi har gobe, domin rauni ya cinye wasan Bowie. Da wuya ka ji wani ya zargi Houston. A wancan zamani ana gina ƙungiya ne a kan dogo, ga shi kuma ɗan jami'ar garinsu ne, ya kuma kawo musu kofi biyu, waɗanda su ne kaɗai ƙungiyar ta taɓa ɗauka.

Mene ne "Dream Shake" da ake yawan faɗa?

Salon yaudara ne da ƙafa da kafaɗa, kuma shi ne tushen makinsa. Zai karɓi ƙwallo yana ba kwando baya, mai tsaronsa na manne da shi. Sai ya girgiza kafaɗa kamar zai juya dama, ya juya hagu. Ko ya ɗaga ƙwallo kamar zai yi jifa, mai tsaro ya yi tsalle, shi kuwa ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin hannunsa. Ko kuma ya juya ya ja da baya yana sama, ya saki ƙwallo daga inda hannu ba ya kaiwa. Abin da ya sa ba a iya tare shi shi ne duk waɗannan farkonsu iri ɗaya ne. Mai tsaro ba ya sanin wanne ke tafe sai ya riga ya motsa, Hakeem kuma motsin nasa yake jira kafin ya zaɓa.

A dokar wasan, idan ka daina buga ƙwallo a ƙasa dole ƙafa ɗaya ta zauna daram, ɗayar ce kawai za ta yi yawo. Yawancin dogaye suna da ƙafa ɗaya da suka saba kafawa da gefe ɗaya da suka saba juyawa. Hakeem yana kafa kowace ƙafa, yana juyawa kowane gefe. Shi da kansa ya sha danganta wannan da ƙwallon ƙafar da ya buga a Legas. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya yi wa ɗan'uwansa yanka a filin unguwa, jiki ya nuna gabas ƙwallo ta yi yamma, ya ga asalin abin.

Shi ya sa ba ma jin daɗi idan aka ce tsawo ne ya taimake shi. Dogaye sun cika NBA a zamaninsa, wasu sun fi shi tsawo da nauyi nesa ba kusa ba. Abokin wasansa na farko a Rockets, Ralph Sampson, mita 2.24 ne. Abin da Hakeem ya fi su da shi yana ƙasa, a tafin ƙafa.

Ban da cin maki, me kuma ya iya?

Tsaro, kuma wasu na ganin a nan ya fi ƙwarewa. Ya kaɗe jifan abokan hamayya sau 3,830, mafi yawa tun da aka fara ƙirga wannan a kakar 1973 zuwa 1974. Dikembe Mutombo na Kongo ke bi masa da 3,289. Ya kuma ƙwace ƙwallo sau 2,162, abin da aka fi sanin gajeru masu sauri da shi. A kakar 1988 zuwa 1989 ya haura 200 a kaɗewa, ya haura 200 a ƙwacewa, kuma babu wanda ya taɓa haɗa biyun a kaka ɗaya sai shi. Ranar 29 ga Maris 1990, a wasa da Milwaukee, ya ci maki 18, ya cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 16, ya kaɗe jifa 11, ya ba da ƙwallon da aka ci sau 10. Mutum huɗu ne kawai suka taɓa kai goma a fanni huɗu a wasa ɗaya. Tun 2022 kofin gwarzon mai tsaro na NBA sunansa yake ɗauke da shi.

Me ya sa ya yi shekara goma kafin ya ɗauki kofi?

Da farko kamar abin zai zo da wuri. A 1986, shekararsa ta biyu, shi da Sampson suka fitar da Lakers ta Magic Johnson da Kareem Abdul-Jabbar, suka kai wasan ƙarshe, Boston ta Larry Bird ta doke su wasa huɗu da biyu. Daga nan ƙungiyar ta wargaje: gwiwoyin Sampson suka lalace aka sayar da shi, aka dakatar da wasu 'yan wasan saboda ƙwaya. Hakeem ya rage shi kaɗai yana ɗaukar kaya. A 1987 ya ci maki 49 a wasa ɗaya da Seattle, amma aka fitar da su a daren.

Shi ma yana da nasa laifin, kuma bai ɓoye ba. A shekarun farko mai zafin zuciya ne. A wasan da suka fitar da Lakers ɗin nan ma korarsa aka yi saboda faɗa, Sampson ne ya jefa ƙwallon nasara. Ba ya kuma yarda da abokan wasansa. Ko mutum uku suka rufe shi, gara ya yi jifa da ya miƙa. A 1992 rigima ta ɓarke tsakaninsa da shugabannin ƙungiyar kan wani rauni da suka ce na ƙarya ne, har ya nemi a sayar da shi.

Abu biyu suka haɗu suka gyara lamarin. Na farko komawarsa ga addini, wanda aka yi bayani a amsa ta gaba. Na biyu sabon koci, Rudy Tomjanovich, wanda ya karɓi ƙungiyar a 1992 ya tsara wasa mai sauƙin fahimta: a ba Hakeem ƙwallo kusa da kwando, a baza masu jifan nesa kewaye da shi. Idan mutum ɗaya ke tsaronsa, ya ci. Idan biyu suka zo, ya miƙa wa wanda aka bari. Da ya fara miƙawa sai aka rage taruwa a kansa, makinsa suka tashi daga 21.6 zuwa 26.1 a kaka ɗaya.

Me ya sa wasu ke rubuta Akeem, wasu Hakeem? Yaya maganar addininsa?

Da Akeem ya shiga Amurka, haka aka san shi har watan Maris na 1991, lokacin da ya sanar cewa a riƙa rubuta Hakeem, yadda ya dace da asalin sunan a Larabci. Ya ce gyara ne ya yi, sunan bai canja ba. Wannan ya zo ne a lokacin da ya koma riƙe salla da karatun Alƙur'ani da gaske, bayan shekarun da ya yi sakaci, ya kuma je ya sauke farali. Waɗanda suka yi wasa da shi kafin da bayan wannan lokaci sun shaida cewa faɗan ya ragu, natsuwa ta zo.

Riƙon addinin bai tsaya a baki ba. Ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar Houston ya mai da shi masallaci da cibiyar da'awa. A kasuwancinsa na filaye da gine-gine da kuɗi hannu yake saye, don guje wa bashi mai ruwa. Lokacin da takalman taurarin NBA suka haura dala 100, shi ya sa sunansa a kan na kamfanin Spalding mai kimanin dala 35, saboda iyaye talakawa masu 'ya'ya da yawa. Da Rockets ta tashi karrama shi a ƙofar filin wasanta a 2008, siffar rigarsa mai lamba 34 aka kafa maimakon mutum-mutuminsa, domin bai yarda a sassaƙa surarsa ba.

Da gaske yana buga wasa da azumi a bakinsa?

E, kuma a watan Fabrairun 1995, wanda kusan gaba ɗayansa ya faɗo cikin Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata na NBA. Amma a faɗi abin yadda yake. Yawancin wasannin NBA da dare ake yi, kuma a shekarun nan Ramadan ya zo a lokacin sanyi da rana ke faɗuwa da wuri, don haka sau da yawa ya riga ya sha ruwa kafin a fara. Wahalar tana wurin atisayen safe, da tafiye-tafiye, da wasannin rana na ƙarshen mako da ake nunawa a talabijin. A irin waɗannan yakan yi gudu da tsalle kusan minti 40 ba tare da ɗigon ruwa ba, abokan wasansa na kurɓa a gefensa duk lokacin da aka tsaya. Ya sha cewa azumi na sa ya ji jikinsa sakayau.

Matashin da ke son koyi da shi ya tuna cewa Hakeem na da likitoci da masu kula da abincinsa, kuma zauren da yake wasa akwai na'urar sanyaya ɗaki. Filin siminti a zafin Afrilu wani abu ne dabam.

Yaya kofin 1994 ya kasance?

Rockets ta buɗe kakar da cin wasa 15 a jere, ta gama da nasara 58. A wasan ƙarshe ta haɗu da New York Knicks ta Patrick Ewing, wanda ya hana shi kofin jami'a shekara goma baya. Knicks na gaba da wasa uku da biyu. A wasa na shida, saura daƙiƙoƙi, Houston na gaba da maki biyu, John Starks ya tashi jifan maki uku da zai ba New York kofi. Hakeem ya taso daga tsakiya ya taɓa ƙwallon da ɗan yatsa, ta faɗi ba ta kai ba. Suka ci na bakwai 90 da 84.

A wannan kaka shi ne gwarzon NBA, shi ne gwarzon mai tsaro, shi ne gwarzon wasan ƙarshe. Babu wanda ya taɓa haɗa ukun nan a shekara ɗaya, kafinsa ko bayansa. Shi ne kuma ɗan wasa na farko da aka haifa a wajen Amurka da ya zama gwarzon gasar.

To na 1995 fa, me ya sa ake cewa ya fi na farko wuya?

Saboda hanyar da suka bi. Kakar ba ta yi musu kyau ba, nasara 47 kawai, suka shiga fidda gwani a matsayi na shida a yankin yamma, ko da yake a watan Fabrairu an kawo masa tsohon abokinsa Drexler daga Portland. Suka fitar da Utah mai nasara 60. Phoenix ta sha gabansu uku da ɗaya, suka farke suka wuce. Sai San Antonio mai nasara 62, wadda ɗan tsakiyarta David Robinson aka miƙa wa kofin gwarzon shekara a gaban idon Hakeem kafin a fara ɗaya daga cikin wasannin. A wannan karawa Hakeem ya ci maki 35.3 a kowane wasa, kuma yawancin bidiyon "Dream Shake" da ke yawo a intanet daga nan aka yanko su, Robinson na tsalle a inda babu kowa.

A wasan ƙarshe suka share Orlando ta Shaquille O'Neal huɗu ba ko ɗaya. Hakeem ya haura maki 30 a duk wasannin huɗu, kuma shi ya tura ƙwallon nasara a ƙarshen ƙarin lokaci na wasan farko. Har yau babu ƙungiyar da ta ɗauki kofi daga matsayi ƙasa da wannan.

Ba don Jordan ya tafi hutu ba ne ya samu kofunan?

Wannan gardama ba ta ƙarewa. Jordan ya ajiye wasa a Oktoban 1993, don haka babu shi a 1994. Amma ya dawo a Maris na 1995 ya buga fidda gwani, Orlando ta fitar da Chicago, ita kuma Orlando ɗin Houston ta share. Sannan a shekaru ukun da Chicago ta fara ɗaukar kofi a jere, ƙungiyoyin biyu sun haɗu sau shida, Houston ta ci biyar. Ba su taɓa haɗuwa a fidda gwani ba, saboda haka kowa na iya riƙe ra'ayinsa. Namu shi ne kofunan da aka bi ta kan Ewing, Karl Malone na Utah, Barkley na Phoenix, Robinson da O'Neal aka ɗauka ba sa buƙatar uzuri.

Me ya sa ya buga wa Amurka a Olamfik maimakon Najeriya?

Ya zama ɗan ƙasar Amurka a watan Afrilun 1993, bayan shekara 12 da ɗoriya yana zaune a can. Da yake ya taɓa buga wa matasan Najeriya, sai da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta ba shi izini na musamman, ya ci zinare da Amurka a Atlanta a 1996. Akwai 'yan Najeriya da abin ya sosa wa rai, kuma ana fahimtar dalilinsu. Sai dai a lokacin tawagar maza ta Najeriya ba ta taɓa zuwa Olamfik ba. Sai a 2012 ta fara, a 2015 kuma ta ɗauki kofin Afirka na farko.

Ƙofar da ya buɗe ta fi lambar zinaren tasiri. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya koyi wasan a can, yana cikin yaran da suka girma suna kallon Hakeem a matsayin gwarzo, kuma shi ne ya shugabanci Toronto ta ɗauki kofin NBA a 2019.

Yaya ya ƙare wasa, kuma me ya yi bayan ritaya?

Bayan 1997, lokacin da Utah ta fitar da su a wasan ƙarshe na yamma duk da zuwan Barkley ƙungiyar Rockets, jiki ya fara gajiya. A 2001 aka mai da shi Toronto, ya yi kaka ɗaya yana cin maki bakwai a wasa, ciwon baya ya sa ya ajiye a 2002. A watan Nuwamban shekarar Rockets ta jingine lamba 34, babu mai sake sa ta. An shigar da shi zauren girmamawa na ƙwallon kwando a 2008, rana ɗaya da Ewing.

Ya zauna shekaru a ƙasar Jodan da iyalinsa yana karatun Larabci da addini, daga baya kuma a Birmingham ta Ingila. A lokutan bazara manyan taurari sun riƙa zuwa gonarsa kusa da Houston don koyon aikin ƙafa: Kobe Bryant a 2009, Dwight Howard bayansa, LeBron James a 2011 bayan ya sha kashi a wasan ƙarshe a hannun Dallas. A kakar da ta biyo LeBron ya ɗauki kofinsa na farko. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ma ya je a 2023.